Farin Anko a Gidan Mai Tuwo

"Lafiya lau na wuni. Sai dai ka yi haƙuri, ban mutu ba tukuna."

Amsar da Iya Saude ta ba jikanta Maharazu ke nan, tun bai gama durƙusawa ba. Tana zaune a 'yar kujerarta a rumfar ƙofar gida, inda take sayar da tuwo tun Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, ba ta wuce bukkoki ba. Azahar ta gota, amma tukunya ko rabi ba ta yi ba, ga miya ta fara yin fata a sama. A bayanta, jingine da bango, ga wani ƙunshi an lulluɓe shi da buhu.

Maharazu ɗaurin goro yake yi a wurin wani maigida. Gemu ya fito, aure bai zo ba. Akwai wata ƙungiya ta magidanta da manyan samarin unguwa, wai ita Zumuntar Sabo, ita yake son shiga. Dokarsu kuwa, ba a karɓar sabon mamba sai ya ciyar da su a gidan iyayensa, wani babba na gidan ya tashi a gabansu ya shaidi halinsa. Shi ko ba shi da gida sai nata, ba shi da babba sai ita. Lahadi aka sa. Da ya roƙe ta, cewa ta yi za ta yi tunani. Yau ga Alhamis, tunanin bai nuna ba.

"Haba amaryata, wa ya yi zancen mutuwa? Ina wuni na ce."

"Da baki ka ce ina wuni. Idonka kuwa cewa ya yi, ashe tana nan?"

"Ke da mutuwa ma take zagaye layinku don tsoron bakinki? Ran nan na gan ta a unguwar Mokola tana tambayar wata hanyar."

"Kai ka nuna mata wannan, ai na sani. Matso nan, mijin banza, wanda bai taɓa kawo cefane ba. Yaye buhun can."

Ya yaye. Farin yadi ne dami guda, sabo dal, har da ƙanshin kanti.

"Au, ashe ya iso! Sammani tela ne ya kawo ko?"

"Shi ne. Da rana tsaka ya ɗauko shi a kansa, ya ratso Sabo kaf, ya shigo yana sallama ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron ya tashi mara lafiya. Na ce na mene ne? Ya ce, Iya, ki dai ajiye, ranar tana nan tafe."

"Lahadi yake nufi!"

"Ni na san ranar da yake nufi? Ranar da ake cewa tana nan tafe guda ɗaya na sani."

"Ankonmu ne fa, tsohuwa. Kayan da za mu sa iri ɗaya. Kwanon shagon Sammani yoyo yake, ga damina, shi ne na ce a ajiye a ɗakinki."

"To. Washegari kuma wa ya aiko da tabarmi a nannaɗe?"

"A ƙasa za mu zauna?"

"Kwalbar turaren fa?"

"Kin taɓa zama kusa da dillalin shanu da ya wuni a kara? Turaren nan jinƙai ne ga sauran jama'a."

Iya Saude ta ƙura masa ido. Tun yana goye ta san shi, in zai yi ƙarya sai kunnensa na hagu ya motsa. Kunnen bai motsa ba. Amma ai yaran yanzu sun yi boko, wa ya sani ko har kunne ake koya wa ladabi a can.

"Farin yadi, tabarma, turare," ta ce tana lanƙwasa yatsu. "Saura me? Makara da ruwan ɗumi. Biri fa ya yi kama da mutum, Maharazu."

"Birin ne ya yi kama da ke, ko ke kika yi kama da shi?"

"Da kakanka na wajen uwa ya yi kama, Allah ya ji ƙansa, har wutsiya ce kawai babu. Kada ka kawar mini da zance. Shi wancan shugaban naku mai tumbi kamar an kife ƙwarya, wa yake da suna?"

"Malam Haladu. Ciyaman."

"Ci-amana dai ko me, ni ban iya ba. Jiya ya zo. Ya gaishe ni, ya ce Iya yaya ƙarfin jiki. Na ce wa ya ce maka ba ni da lafiya? Ya yi murmushi irin na masu haƙuri. Sai ya shiga tsakar gidana yana takawa, ƙafa bayan ƙafa, yana motsa baki. Ya auna tsawo, ya auna faɗi. Ya waigo ya dube ni tun daga ka har ƙafa, ya sake duban ƙasa."

"Wurin zama yake aunawa, ya ga ko zai ɗauke mu!"

"Ni ma ai wurin kwanciya na ce yana aunawa. Duk wuri ne."

Maharazu ya fashe da dariya har hularsa ta zame. Ita ko ko gezau. Ta ɗauki mara ta ƙwanƙwasa tukunya.

"Yi dariya da kyau, sannan ka leƙa nan. Rabon da azahar ta tarar da tuwo a tukunyar nan tun shekarar fara. Ka san inda masu cin tuwona suka koma? Wurin Azumi, waccan mai miya kamar ruwan wanki. Ta ga yadi ya shigo, ta ga tabarmi, ta ga turare. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta ce na mutu ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ta girgiza kai, ta ce Allah sarki Iya Saude, har jikanta ya fara shiri. Wa zai ci tuwon matar da ake yi wa shiri? Ɗazu wani direba da yake cin malmala uku a zaune ya tsaya daga nesa, ya ɗaga hannu ya ce in yafe masa."

"Kin yafe?"

"Na jefe shi da itace. Ya sha da ƙyar."

Dariyar ta ɗan rage a fuskarsa. Ya leƙa tukunyar, ya dubi rumfar Azumi da ke can tsallaken kwata, cike da mutane har wasu a tsaye.

"Wallahi ban san abin ya kai haka ba."

"Yaushe za ka sani, hankalinka yana wurin ƙungiya? To yanzu ka zana mini. Ran Lahadi bayan la'asar, ƙarti fiye da ashirin, kowa fari fat, sun jero a layi, suna ƙanshin turare, sun nufo gidan tsohuwa. Kafin na farkonku ya cire takalmi, matan Sabo sun fara salati. Kafin na ƙarshe ya shigo, an kai wa liman labari. Ran Litinin ko kare ba zai tsaya a rumfar nan ba. Ka ga ka shiga ƙungiya, ni kuma ka fitar da ni daga duniya ba tare da ka biya mai haƙa ba."

"Ai da na huta. In gaji tukunya, in gaji mara, in auri Azumi."

"Ita ce daidai kai. Ku haifi 'ya'ya masu ɗanɗanon ruwan wanki."

Ta gyara zama, ta sassauta murya, irin sassautawar da ta fi tsawa ban tsoro.

"Ruwa ba ya tsami banza. Gaya mini gaskiya, me ake yi a ƙungiyar nan? Siyasa ce? Masu tutar zakara ne suka saye ku, ko masu ta bishiyar kwakwa?"

"Dokar farko ke nan, ba a kawo zancen jam'iyya."

"To giya ce. Na san irin kulob ɗin da ke bayan Mokola, a shiga da ƙafa biyu a fito da huɗu."

"Shayi muke sha. Malam Haladu ladan ne fa a masallacinsu."

"Mata?"

"Ke kaɗai ce, shi ya sa ma wasu suke son fita."

"Ungo naka. To in ba siyasa, ba giya, ba mata, me zai tara maza wuri guda har su ɗinka riga iri ɗaya? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Zama ake yi. A buga dara, a murɗa garmaho a ji waƙa, wanda ya sauka daga jirgi ya ba da labarin Kano da Gusau. In matar wani ta haihu, mu je gaba ɗaya. In wani ya kwanta, mu duba shi. In an kama kayan wani a tasha, masu jin Yarbanci da Turanci su je su yi magana. In kuma ta Allah ta kasance, ba a barin mutum a hannun baƙi, mu za mu tsaya mu yi masa sutura…"

"Yauwa!" Ta tafa hannu har kaza ta tashi daga gindin murhu. "Ramin ƙarya ƙurarre ne! Sutura! Ashe sana'arku ce. Kun rasa wanda za ku gwada hannu a kansa, kuka ce ga ta Maharazu can ta nuna, a fara da ita."

"Wa zai gwada hannu a kanki? Ke da ƙasa ma sai an roƙe ta kafin ta karɓa."

"Kai za ta fara karɓa. Ɗanyen itace ma iska na kayarwa. Dube ka, wuya kamar mariƙin lema."

"Da wuyan nan kika ce kina so, kika ƙi sarakuna."

"Makanta ce ta tsufa. To don me fari? Duk ƙungiyar Yarbawan da ke garin nan na ga ankonsu. Ja ne, kore ne, mai tsuntsu ne, mai fure ne, tun daga Dugbe kana hango su ka san biki ne. A wurinsu kuka ara ko ba a wurinsu ba?"

"A wurinsu ne."

"To?"

Ya sosa ƙeya. "Rigima aka yi. 'Yan goro suka ce shuɗi, 'yan shanu suka ce ba za su sa kalar 'yan goro ba. Aka ce kore, wani ya ce na jam'iyya ne. Aka ce mai fure, malamai suka ce sai dai bayan ransu. Har an kusa watsewa, Sammani ya ce fari ba ya da abokin faɗa, ko a wazifa shi ake shimfiɗawa. Kuma a kasuwar Gbagi shi ya fi araha."

"Gemu sama da ashirin, aka rasa mai cewa tsaya, a gidan wa za mu fara sa shi? Kun aro riga kun baro wando. In da akwai mace ɗaya a zaman nan, ko kurma ce, da ta gaya muku."

"Shi ya sa ai muke neman uwar ƙungiya. Irin wadda Yarbawa ke cewa Iya Egbe." Ya jawo damin, ya zaro wani yanki da aka naɗe daban, ya miƙa mata da hannu biyu. "Ga naki ma an fitar. Ni na so sai ran Lahadi ki gani."

Ba ta karɓa ba. Ta dube shi kamar an miƙo mata kunama.

"Na riga na gani. Na warware shi, na gwada a jikina. Daidai tsawona, har da rarar ɗaurewa."

"Zane ne da mayafi da kallabi."

"Zane da mayafi da kallabi, farare. Maharazu, ka taɓa tambayar mai wankan gawa yadda ake yanka wa mace nata?"

Ya dubi yadin da ke hannunsa, sai ya ajiye shi a kan benci da sauri kamar ya ƙone shi.

"La ilaha illallahu."

"Ka ga har ka fara salatin."

Nan fa ya zauna a ƙasa sosai, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Can tsallake ana ta kiran Azumi a ƙaro miya. Da ya sake magana, ba muryar wasa ba ce.

"To a fasa, Iya. Zan je in gaya wa Malam Haladu ba ni da gida. Ba zan kashe miki kasuwa don shayi da dara ba."

"In ka fasa fa?"

"Shi ke nan. Ba sa kira sau biyu." Ya murza hular. "Kin tuna bara da zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakin maigida? Ke kaɗai kika riƙa jan ƙafa kina kawo kunu. Baba ya rasu, Inna tana Zariya da nata iyalin, ba wa ba ƙane. A Sabo aka haife ni, amma in aka ce ina mutanen Maharazu, tsohuwa ɗaya za a nuna. Ranar da abin nan da kike ta kira ya zo da gaske, wa zai kama mini? Ni kaɗai zan ɗauke ki?"

Iya Saude ta juya ta shiga gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ta hura wutar da ke ci da kanta. Hayaƙi ne, in ji ta, ya shiga mata ido. Ta daɗe tana wannan lissafi a ranta ba ta gaya wa kowa ba: in ta kwanta dama, yaron nan a hannun wa? Ashe shi ma yana yi. Amma a ce ta nuna masa? Sai dai wata kakar.

"Ka ji shi! Ashe dai gaskiyata, 'yan ɗauka kake tarawa. To ko kun kai ɗari sai na yi muku nauyi, don mugunta. Tashi daga ƙasa, kada Azumi ta ce ka fara zaman makoki."

Ya tashi.

"Buɗe kunnuwan nan naka masu kama da faifai. Lahadi ku zo. Amma da sharaɗi."

"Faɗi, ranki ya daɗe."

"Yanzu ka san ya daɗe. Na farko, tun hantsi a kawo garmahon nan a dasa shi a bakin rumfa, a murɗa shi har Mokola ta ji. Ba a kiɗa a gidan mutuwa."

"An gama."

"Kowa ya ɗora jar dara a kansa. Wanda ba shi da ita ya ara. Kada in ga fari tun daga sama har ƙasa."

"Malam Haladu rawani yake…"

"Ya naɗa a kan jar dara, ja ya leƙo. Kuma ban yarda ku jero kuna sunkuyar da kai ba. Ku zo a warwatse, kuna hayaniya kamar an tashi kasuwar kara. Tabarmin can kuwa yau za ka kwashe su, a buɗe, ɗaya bayan ɗaya, kada ka kuskura ka saɓa nannaɗaɗɗiya a kafaɗa. A kawo bencuna."

"Sai me?"

"Ta gaban rumfar Azumi za ku biyo. Kowane ɗaya ya tsaya ya gaishe ta da kyau, ya ce mata gidan Iya Saude za shi cin tuwo. Ni kuma ina nan a bakin ƙofa, da jan zanena na saƙi, da kwalli, da lalle har gwiwar hannu. Duk wanda ya ce mini yaya ƙarfin jiki, ba shi ba nama."

"Shaidar fa? Za ki tashi ki shaide ni?"

"Zan tashi. In ce jama'a, ga mijina. Ba ya sata, sai ƙanzo. Ba ya faɗa, don ba ya iyawa. Ya kai shekara bakwai yana gudun ɗan akuya, ran da aka yi masa kaciya kuwa sai da aka ciro shi daga cikin randa."

"Iya, a gaban ciyaman?"

"Shi ma na san randar da aka ciro shi. Ka ce masa in ya sake auna mini tsakar gida, da shi zan fara."

Maharazu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗaga hannu sama.

"Na bi, na bi. Da tsohuwar zuma ake magani." Ya laluba aljihu ya fito da wani ƙunshin ganye, ya warware a gabanta. Manyan goro ne, zaɓaɓɓu, irin waɗanda maigida ke ware wa baƙin kirki. "Ga toshinki, amarya."

Ta leƙa, ta ɗago kai a hankali.

"Har goron ma fari?"

"Wallahi ban lura ba!"

"Ba ka lura ba. Allah ya isa tsakanina da kai." Ta kwashe duka ta ƙulle a bakin zane, ta ɓare ɗaya ta jefa a baki. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki yankin yadin nan nata daga kan benci, ta murza shi tsakanin yatsu, ta taɓe baki.

"Ashe za ki sa," in ji shi.

"In sa wannan? Nawa likkafanin yana cikin akwati tun kafin a yaye ubanka, ɗan Kano, mai kauri, ba irin wannan da ake hango rana ta cikinsa ba."

"To me za ki yi da shi?"

Ta naɗe shi tsaf, ta cusa a ƙarƙashin kujera, ta zauna a kai. Sai a lokacin dariya ta ƙwace mata, har jan haƙoranta suka bayyana.

"Ajiya. Ƙungiya nawa aka haifa a Sabon nan a kan idona, da shayinsu da shugabansu, duk na ga bayansu. In taku ta riga ni, kada a rasa abin rufa ta. Miƙo kwano in zuba maka, tuwon matacciya kyauta ne."